Ɗanyar Tafarnuwa: Abin da Take Iyawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinta

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Sabon Birni da na Isa, da na Gatawa, Tsamaye, Unguwar Lalle, Kurawa, Turba da Bafarawa, har zuwa 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, mutanen Tibiri da Madarunfa da Gidan Runji, waɗanda muryarmu ke isa gare su ba tare da wani ya tsayar da ita a shinge ba. Iyayena mata da ke gindin murhu, sannunku da hayaƙi. Manoman rani da suka rataye rediyo a reshe suna ban ruwa, sannunku da sanyi.

Maganar tafarnuwa za mu yi yau, kuma ɗanyarta, wadda ba ta ga wuta ba. Da zarar hunturu ya sauko, hazo ya rufe gari, maƙogwaro ya fara ƙaiƙayi, sai ka ji ƙamshinta, ko warinta, ya danganta da hancin mai shaƙa, yana tashi a kowace majalisa. Wani ya jefa sala biyu a aljihu yana ɗan gutsira a hanya. Wata ta daka ta cuɗa da zuma ta ajiye wa maigida. Wani kuwa ba ciwo ya sa shi ba, shi dai tsire ba ya shiga sai ya ji ta a yaji. Da ku duka nake.

Tafarnuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Gulbin Bunsuru da na Gagare da suka ratso ƙasar Isa, da Gulbin Maraɗi da ke gangarowa daga Nijar, su ne ke haɗuwa su zama Gulbin Rima, kuma fadamar da ruwan nan ke bari idan ya janye ita ke ciyar da Gobir tun Alƙalawa na birni. Ka bi gulbin ka gangara, za ka iske madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984, gaba kuma ga fadamun Wurno. Duk ɗan kasuwar da ke lodin tafarnuwa zuwa kudu ya san waɗannan sunaye biyu. Farkon sanyi ake dasa ta, wajen watan Nuwamba, kuma ba da iri ba, salar kanta ake binnewa, a cire bayan wajen wata huɗu. Sanyin nan da muke kuka da shi, shi ke sa ta ƙulla kai. Tamu ta gida ƙanana ce, ɓare ta sai mai haƙuri, amma kowace mai girki ta san ta fi babbar nan fara sol da ake shigowa da ita kaifi. Waccan yawanci daga Sin take, don ƙasar Sin kaɗai ke noma kusan kashi uku cikin huɗu na tafarnuwar duniya.

To me ya sa ɗanya ke cizon harshe, dafaffiya kuwa ta yi laushi har da ɗan zaƙi-zaƙi? Malam, ɗauki dunƙulen da ba a taɓa ba ka shinshina. Kusan ba ka jin komai. Warin bai wanzu ba tukuna. Allah cikin ikonsa ya ajiye sinadarai biyu a cikin kowace sala, ya raba su. Ɗaya masana na ce masa aliyin, ɗayan kuma, mai tada aikin, aliyines. Muddin salar na nan lafiya, ba su haɗuwa. Da haƙori ko taɓarya ko wuƙa ta fasa ta, sai su gauraya, nan take su haifi abu na uku mai suna alisin. Iyayenmu mata za su riga kowa ganewa: kanwa na zaune lafiya, ruwan tsamiya na zaune lafiya, sai an haɗa su a ƙwarya ɗaya kumfa ke tashi. Alisin ɗin nan shi ne yajin da kake ji, shi ne tushen warin, kuma shi ne mafi yawan abin da ake kira maganin. Wasu masana biyu a Amurka, Chester Cavallito da John Bailey, su suka fara ware shi a 1944, suka kuma nuna yana kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji.

Daga nan akwai abin ɗauka. Zafin wuta na kashe mai tada aikin. Idan Inna ta jefa sala ɗungurungum a tafasasshiyar miya, alisin ba zai samu ba. Idan kuwa ta daka ta bar ta a turmi na minti goma kafin ta zuba, aikin ya riga ya gama, wani abu zai tsira ko da ta ga wuta. Shi kuma bawan Allah da ke haɗiye sala guda da ruwa don gudun wari, ya guje wa warin, ya kuma guje wa mafi yawan abin da ya je nema, don bai fasa ta ba, kuma tsamin ciki ma na kashe mai tada aikin.

Wajen ɗanɗano kam ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Yajin ƙuli da ya ji citta, masoro, kimba, kanumfari da tafarnuwa, a barbaɗa a balangu mai zafi, wa zai ce a'a? Kwaɗon zogale ko na rama da aka murje rabin sala a ƙulinsa ya bambanta da wanda babu. Dambu ma haka. Alhazanmu da suka ci kazar Albaik a Makka ko Jidda za su tuna farin miyar nan ta tafarnuwa da ake haɗowa da ita. Mutanen Labanon kuma suna kirɓa ɗanya da gishiri da mai da ruwan lemun tsami har ta yi fari ta yi kauri, su dangwala gasasshiyar kaza. Sirrin dai ɗaya ne: kaɗan, kuma tare da abinci. Maiƙo da tsami na rage mata zafin kai.

Sai wari. Wani zai ce ai na yi asuwaki, na kuskure baki, amma har yanzu uwargida na kau da kai. Ba laifin asuwakin ba ne. Bayan tafarnuwa ta narke a ciki, wani ɓangare nata mai ɗauke da sinadarin farar wuta yana shiga jini, jini ya kai shi huhu da fata, ya riƙa fitowa ta numfashi da gumi, wani lokaci har kwana guda. Abin da ke fitowa daga huhu kuwa, goge haƙori ba ya kai masa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka a 2016 ya nuna cin ɗanyen tuffa, ko ganyen na'a-na'a, ko latas, nan da nan bayan tafarnuwa, yana rage warin sosai. Madara ma na taimakawa. Na'a-na'a da latas dai ba su fi ƙarfinmu ba, a lambunan rani ake samunsu.

Addini bai bar wannan magana ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda ya ci tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci, saboda warin na cutar da mutane da mala'iku. A Muslim kuma an ruwaito cewa lokacin da yake zaune a gidan Abu Ayyuba Al'ansari, ya mayar da wani abinci bai ci ba saboda akwai tafarnuwa a ciki. Abu Ayyuba ya tambaya ko haram ce, aka amsa masa cewa ba haram ba ce, warinta ne ba ya so. Sayyidina Umar ma ya taɓo batun a huɗuba, ya ce wanda zai ci ya kashe warin da dahuwa. Ke nan halal ce, amma akwai haƙƙin wanda zai tsaya kusa da kai a sahu. Idan za ka ci ɗanya, ka bari sai bayan isha'i, ka ci kaɗan, ranar Juma'a kuwa ka haƙura da safe. Zan ƙara da nawa roƙon a madadin fasinjoji: ranar Alhamis da za a cusa mu a mota ɗaya zuwa kasuwar Shinkafi, gilashi a rufe saboda ƙura, a ji tausayinmu.

Masu jego kuma, ga wani abu da zai ba ku dariya. A 1991 masu bincike a birnin Filadelfiya sun ba mata masu shayarwa tafarnuwa, suka tarar ƙamshinta na fitowa a nono bayan kamar awa biyu, kuma jariran, maimakon su ƙi, sai suka ƙara daɗewa a kan mama. Don haka tafarnuwar da ke cikin yajin jego ba abin tsoro ba ce. Uwa ta ci abinta. Jaririn dai kada a ba shi, zan dawo kan wannan.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Madalla. Masu sauraro, yanzu mu shiga inda gardama take. Shin magani ce?

Mutane sun daɗe suna ɗaukar ta haka. Tsofaffin takardun likitancin Masar na shekaru fiye da dubu uku sun ambace ta. Ibnul Ƙayyim ya kawo ta a babin magunguna na Zadul Ma'ad, ya lissafa amfaninta, kuma, abin da masu tallan magani a lasifika ba su cika faɗa ba, ya lissafa illolinta. Tambayar ita ce, da aka auna ta da ma'aunin zamani, me aka samu?

A faranti, a ɗakin gwaji, alisin na kashe ƙwayoyin cuta iri-iri, wannan ba musu. Amma jikin mutum ba faranti ba ne. Alisin ba ya daɗewa, yana shiga jiki yake rikiɗewa zuwa wasu abubuwa, har masu bincike kan nema a jinin wanda ya ci su rasa. Shi ya sa ba a yanke hukunci sai an gwada a kan mutane.

An gwada ta a kan mura a Ingila a 2001. Mutum 146, aka raba su biyu, rabi na shan ƙwayar tafarnuwa kullum, rabi na shan ƙwayar da ba komai a ciki, har mako 12 na lokacin sanyi. Masu tafarnuwa suka yi mura sau 24, ɗaya ɓangaren sau 65. Abin sha'awa. Sai dai waɗanda murar ta kama, kwanakin da suka ɗauka kafin su warke kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Kuma da ƙungiyar Cochrane, masu tace binciken likitanci, suka duba a 2014, sun ce gwaji ɗaya tilo bai isa a kafa hujja ba. Ni dai ra'ayina, babba mai mura da ya sha ruwan ɗumi da citta da zuma da 'yar tafarnuwa bai yi laifi ba. Zai ji daɗin maƙogwaro, murar kuma za ta tafi a lokacinta, wajen mako guda, ko ya sha ko bai sha ba.

Maiƙon jini kuwa, wanda likitoci ke kira kolestarol, labarin bai yi daɗi haka ba. A Jami'ar Stanford, Christopher Gardner da abokan aikinsa sun ɗauki mutum 192, wasu suka riƙa cin ɗanyar tafarnuwa kwana shida a mako har wata shida, wasu ƙwayoyinta, wasu ba komai. Sakamakon da ya fito a 2007 ya nuna mugun maiƙon bai sauka ba a ko ɗaya. Wasu gwaje-gwajen sun ga ɗan sauƙi, amma ba wanda za a dogara da shi ba.

Hawan jini shi ne inda nake so mu zauna, don nan ne tafarnuwa ta fi samun shaida, kuma nan ne ta fi jawo asara. Wata mai bincike a Ostireliya, Karin Ried, ta haɗa gwaje-gwaje 12 da aka yi a kan masu hawan jini 553, ta wallafa a 2020. Ta samu cewa lambar sama ta awon jini na sauka da kusan 8, ta ƙasa da kusan 5. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban zo in rage mata daraja ba. Amma a lura da abu biyu. Waɗancan mutane ƙwayoyin tafarnuwa da aka auna aka sarrafa suka sha, ba sala daga kasuwa ba, wadda ƙarfin ta yau daban da na gobe. Sannan a yi lissafi. Baba, idan an auna ka an ga 180, ka cire 8, saura 172. Har yanzu kana bakin rami. Magungunan asibiti an bi dubban mutane shekara da shekaru an tabbatar suna rage shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya da lalacewar ƙoda. Tafarnuwa ba a tabbatar mata da wannan ba.

Kusan mutum uku cikin kowane goma na manya a Najeriya na da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba, don ciwo ne marar hayaniya. Ga yadda abin ke faruwa. An ba mutum magani, ya sha wata guda, kai ya daina sarawa. Magani ya ƙare, kuɗi babu, ko hanya babu. Wani a majalisa ya ce ai tafarnuwa ta fi na Bature. Ya koma tauna sala uku da safe. Jikinsa garau, don hawan jini dama ba ya faɗa. Wata rana da asuba a zo tada shi, baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa. Sai a ce iska ta buge shi a bayan gida. Ba iska ba ce, jijiya ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ka ci tafarnuwarka, amma a kan magani, ba a madadinsa ba. Mai ciwon suga ma wannan hukuncin ne.

In kuwa ana son a ci ribarta ta gaskiya a kan hawan jini, to a tukunya take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin dunƙulen magi. Miyar da ta ji tafarnuwa da citta da daddawa ba ta neman magi huɗu. Uwargida, ki rage biyu ki ƙara sala biyu, maigida ba zai gane ba, jininsa ne zai gane.

Nawa ya kamata a ci? Littafin tsirran magani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1999 ya ambaci giram 2 zuwa 5 na ɗanya a yini ga babba. Babbar sala ɗaya ke nan, ko biyu zuwa uku na ƙananan nan namu. Ba dunƙule guda ba. Kuma ba da wofin ciki ba. Mai olsa ko ƙwannafi da ya tashi da sassafe ya tauna ɗanya kafin ya karya, shi da kansa zai ba da labari kafin hantsi.

Tana kuma sa jini ya yi jinkirin daskarewa. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne. Amma wanda likita ya ɗora a kan asfirin ko wafarin, da wanda aka sa wa ranar tiyata, da mai cikin da haihuwa ta gabato, su tsaya a kan ta miya, su bar ta magani. Likitoci kan ce a dakata da mako ɗaya zuwa biyu kafin aiki. Akwai ma wani maganin ƙanjamau da bincike a 2002 ya nuna ƙwayoyin tafarnuwa na rage ƙarfinsa a jini da kusan rabi. Don haka in ma'aikacin lafiya ya tambaye ka me kake sha, kada ka ce ba komai alhali kana cin dunƙule a yini. Ka faɗa. Ba zai kama ka ba.

Yanzu inda ba a sa ta. Abin da ke cizon harshenka yana cin fata. Likitoci a ƙasashe da dama sun rubuta labarin mutanen da suka daka ɗanyar tafarnuwa suka ɗaure a gwiwa mai ciwo, ko a kan makero, ko a goshi, aka kwance bayan 'yan awoyi aka tarar fata ta yi bororo ta saɓule. Ɗaurewar ce ta fi muni, kuma fatar yaro ta fi saurin ƙonewa. Makero na da man shafawa mai araha a kemis. Mai ciwon haƙori da ya danna ta a dasashi ya kwana, gobe yana da ciwo biyu. Kunne kuwa, in yana zubar da ruwa, wataƙila dodon kunnen ya huje, ɗiga ruwan tafarnuwa a ciki ganganci ne. Harbin kunama a goga, to, ba ta ƙara ba ta rage. Saran maciji kuwa ba a tsayawa daka, asibiti ake nufa.

Maza ku ɗan yi haƙuri, iyayena mata da ƙannena ku matso kusa da rediyo. Maganar matsi da tafarnuwa don ciwon sanyi, wadda ake yaɗawa a gidan biki da wayoyi, don Allah a bari. Wurin ya fi fatar hannu laushi nesa ba kusa ba. Tana ƙona shi, ta bar rauni, raunin kuma ya zama ƙofar wata cutar. Kuma abin da muke tarawa mu kira sanyi ba ciwo ɗaya ba ne, kowanne da maganinsa, wani ma sai an haɗa da maigida an yi wa magani tare, in ba haka ba ya dawo. Ki je ki ga ma'aikaciyar lafiya mace, ki faɗa mata yadda yake.

Jariri kuma, kafin wata shida nono kaɗai. Kafin shekara guda ba a ba shi zuma, ko da tafarnuwa ko babu, saboda zuma kan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa ba, tana saki jikinsa har numfashi ya gagara. Wannan ƙwayar dai tana zaune a ƙasa, tana manne wa tafarnuwa, kuma tana son wurin da babu iska. Kwalbar man da aka jiƙa ɗanyar tafarnuwa aka toshe aka ajiye a ɗaki, da zafin ƙasarmu, gidanta ke nan. A 1985 a birnin Bankuba na Kanada mutum 36 suka kamu da wannan guba daga yankakkiyar tafarnuwa da aka ajiye cikin mai a wani gidan abinci. Ba wari, ba canjin launi da zai gargaɗe ka. In za a haɗa da mai, a haɗa na ci yau, a cinye yau.

(Ɗan gajeren kiɗa)

'Yan'uwa, na san abin da wani ke faɗa a ransa yanzu. Mai magana, kana cikin ɗaki mai sanyi kana cewa a je asibiti, a je asibiti. Ta wace hanya? Gaskiyarka. Kowa ya san halin rashin tsaro da hanyar Gundumi ta shiga, kowa ya san ƙauyukan da ɗakin shan maganinsu ke rufe ma'aikaci ya gudu, da iyalan da suka kwashe suka ƙetara ƙasar Maraɗi tun 2019. Uwar da ɗanta ya fara zafi da tsakar dare a bayan Gatawa ba za ta fita ba, kuma ba wanda zai ce ta fita. Abin da ke hannunta shi za ta ɗauka. Da babu gara ba daɗi. Ban zo in raina wannan ba. Abin da nake so mu rabe shi ne ciwon da ke iya jira da wanda ba ya jira, don a nan ne tafarnuwa ke kashe mutum ba da gubarta ba, da kwanakin da take cinyewa.

Mura, ɗan tari na kwana biyu, kumburin ciki bayan an ci wake, waɗannan suna jira. Zazzaɓi a jikin yaro ba ya jira. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma ba a tabbatar tafarnuwa na kashe ƙwayarsa a jikin mutum ba, ba ta kuma korar sauro don an ci, an gwada an gani. Gari na wayewa a nemi gwajin ɗan yatsa. Da damina kuma, masu bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, a buɗe musu ƙofa, a kuma cika kwanakin shan.

Yaro mai tari, ki ɗaga rigarsa ki duba ƙirji. Idan yana numfashi da sauri, sau 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa shekara, sau 40 ko fiye ga wanda ya wuce shekara bai kai biyar ba, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska, wannan ya wuce mura, huhu ne. Babba kuma da tarinsa ya haura mako biyu, yana rama, yana gumin dare, a gwada shi tarin fuka. Maganin kyauta ne a asibitin gwamnati, wata shida ake sha.

Da bazara, zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ba sai na faɗa muku sunansa ba. A annobar sanƙarau ta 2017, wadda ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina, an lissafa sama da mutum dubu 14 da ake zaton sun kamu a ƙasar nan, sama da dubu ɗaya suka rasu. Awoyi ake ƙirgawa a wannan ciwo, ba kwanaki ba. Amai da gudawa ma haka. A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,600 a Najeriya. Abin da ke ceton rai kafin a isa asibiti shi ne ruwan gishiri da sukari: fakiti ɗaya a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, in babu fakiti, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A yi ta ba shi kaɗan-kaɗan ana tafiya.

Yaron da dasashinsa ya yi gyambo, bakinsa na wari, kumatu ya fara kumbura, musamman in yana da tamowa ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, kada a tsaya goga masa komai. Cutar noma cikin kwanaki take cin fuska. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma in an kama ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsayar da ita.

Mutanen Isa ba su manta 2024 ba. A watan Afrilu na shekarar, hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta sanar da mutum 164 a mazaɓu shida, yawancinsu yara 'yan shekara 4 zuwa 13, da ciki ke kumbura musu, ga zazzaɓi, ga amai, ga rama. Gwajin jinin farko ya nuna alamun dalma da wani ƙarfen. Kumburin ciki ne, sunansa ɗaya da na mai cin wake, amma ko buhun tafarnuwa aka ba yaron ba za a gano abin da ke jininsa ba. Sai da aka kai su aka ɗebi jini.

Kada kuma a ɗauka wannan kuskuren na mutanen ƙauye ne kaɗai. A Afirka ta Kudu, ministar lafiya ce da kanta, Manto Tshabalala-Msimang, likita mai digiri, wadda ta riƙe ma'aikatar daga 1999 zuwa 2008, ta riƙa tallata tafarnuwa da lemun tsami ga masu ƙanjamau, gwamnati na jan ƙafa wajen raba maganin gaskiya. Masu bincike na Jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa jinkirin ya ci rayuka sama da dubu 330 tsakanin 2000 da 2005. Zamanin korona ma, a 2020, sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce tafarnuwa abinci ce mai kyau amma ba ta hana kamuwa da cutar.

Tunda hanya ce matsalarmu, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana lafiya maigida ya san wane mai babur zai kira, ya riƙe lambarsa, ya ware ɗan kuɗin mai da ba a taɓawa. Ya san wane ɗakin shan magani ne ke buɗe a kusa, da ranar da ma'aikaci ke zuwa. Fakitin ruwan gishiri da sukari biyu ko uku su zauna a ɗakin uwargida. Mai hawan jini ko suga ya sayi na wata mai zuwa tun saura mako guda na hannunsa ya ƙare, ranar kasuwa in an samu rakiya, ya kuma miƙa hannu a auna shi tunda ya shigo gari. Ciwon da ya fara da rana, kada a ce bari mu ga dare. Mai ciki da watanta ya tsaya, in da hali, ta koma wurin dangi a cikin Isa ko Sabon Birni kusa da babban asibiti tun kafin naƙuda.

Mai kula da na'ura na ɗaga mini hannu, lokaci ya cika. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko kanwa, mu ga abin da take yi a kunun mai jego da kuma zuciyarta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.